Dakare a Zamanin Jirgi Marar Matuƙi

Duk wanda ya ga yadda jirgi marar matuƙi yake shawagi a sararin samaniya, mai sarrafa shi yana zaune cikin ɗaki mai sanyi a wata nahiya dabam, ya auna mota guda a cikin ayari ya halaka ta ba tare da ƙura ta taɓa rigarsa ba, ba za a ga laifinsa ba in ya zaci zamanin dakare ya shuɗe kamar yadda na 'yan lifidi ya shuɗe. Amma tarihin yaƙe-yaƙen wannan ƙarni bai gaskata wannan zato ba, bal ma ya kafa hujja a kan kishiyarsa.

Mu ɗauki ibra daga Mosul ta ƙasar Iraƙi, wadda mayaƙan Da'ish suka kama a watan Yuni na 2014. Da aka tashi ƙwato ta a watan Oktoba na 2016, sama gaba ɗaya tana hannun Amurka da ƙawayenta, alhali kuwa 'yan Da'ish ba su da jirgin yaƙi ko ɗaya. Duk da haka sai a watan Yuli na 2017 aka shelanta nasara, bayan wata tara ana gwabzawa. Sababin wannan jinkiri shi ne, da aka isa tsohon birni, inda lunguna suka ƙuntata har motar sulke ba ta iya kutsawa, dole soja ya sauko ya taka da ƙafarsa, ya bi gida gida, ya ratsa ta ramukan da aka huda a jikin bango, yana duban bakin kowace ƙofa don tsoron nakiya, yana kuma ƙoƙarin bambance maharbi da tsohon da ya ɓuya da jikokinsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Jirgi yana iya rushe gida, amma ba ya iya shiga ya tambayi wanda ke ciki.

Haƙiƙanin aikin dakare abu uku ne: ya kusanci abokin gaba, ya karɓe wurin da yake, sa'an nan ya zauna a wurin ya riƙe shi, wanda shi ne mafi wuya. Igwa da tanka da jirgi duk masu share masa fage ne. Ko a Yukuren, inda tun daga 2022 ƙananan jirage marasa matuƙa suka cika sama har soja ba ya iya ɗaga kai da rana, ba a cewa an ci ƙauye sai wasu 'yan mutane sun rarrafa sun shiga ramukan maƙiyi sun kwana a ciki. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan sha'ani, domin a yaƙin Bama kakanninmu na Runduna ta 81 sun ratsa kwarin Kaladan a 1944, ta dazuzzuka da duwatsun da mota ba ta bi, kaya a ka, jirage na jefo musu guzuri daga sama. Kuma sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna da Myohaung a Legas shaida ne na wuraren da ƙafafunsu suka taka.

Idan kuwa aka zo ga yaƙin sunƙuru, inda ɗan tawaye ba ya sa kaki, ba ya tsayawa a fage, yakan sara ya noƙe cikin jama'a, to, a nan ne nauyin dakare yake ninkuwa, domin abin da ake jayayya a kansa ba tudu ba ne ba kuma gada ba, zukatan talakawa ne. Turawan Ingila sun fahimci haka a Malaya, inda suka fafata da 'yan gurguzu daga 1948 zuwa 1960. Sun tashi dubban ɗaruruwan mutane daga bakin daji suka tsugunar da su a sababbin ƙauyuka masu shinge, don su yanke wa 'yan tawaye hanyar shinkafa da labari, abin da ba a rasa tilas da cutarwa a cikinsa ba. Sa'an nan ƙananan ƙungiyoyin dakaru suka riƙa kwana da kwanaki a cikin kurmi suna kwanton ɓauna. Amma abin da ya kammala al'amarin shi ne alkawarin mulkin kai, wanda aka cika a 1957, ya raba 'yan tawaye da hujjarsu. A Afganistan kuwa, inda a wani lokaci sojan Amurka suka kai kimanin 100,000, an sha korar Taliban daga gunduma da rana su komo da dare, saboda gwamnatin da aka bari a baya ba ta sami amincewar mutane ba; ƙarshenta Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta, 2021, bayan shekara 20.

Mutanen Maiduguri sun san wannan darasi ba a littafi ba. Shekaru aka yi 'yan Boko Haram na harbi su ɓace cikin unguwanni, sojan da aka kawo daga nesa bai san harshe ba, bai san fuska ba, in an taɓa shi ya huce a kan wanda ya samu, jama'a kuma su ƙara kame bakinsu. Sai a 2013, da samarin gari suka fito da sanduna, waɗanda aka laƙaba wa kato da gora, suna nuna wane da wane, sa'an nan aka iya fatattakar su daga birni zuwa daji. Da ma an ce da ɗan gari akan ci gari. Haka kuma Gwoza, wadda aka ƙwato a watan Maris na 2015: ƙwato gari aikin 'yan kwanaki ne, amma tsare hanyar gona har manomi ya yi shuka ya girbe, aikin shekaru ne.

Saboda haka ya wajaba ga masu hukunci, sa'ad da suke lissafin kuɗin jirage, su tuna da kurtun da ake horarwa a Zariya da Jaji: albashinsa, takalminsa, ruwan shansa, canjinsa daga bakin daga kafin gajiya ta taurare masa zuciya, da tarbiyyar da za ta sa ya riƙe amana. Domin a ƙarshe al'amarin yakan komo ne ga wani kofur a bakin shinge da hantsi, wata mata ta iso da itace a ka, ta san inda aka binne nakiya daren jiya. Yadda ya yi mu'amala da ɗanta makon da ya wuce, shi zai sa ta tsaya ta faɗa masa, ko ta sunkuyar da kai ta wuce.