Ƙwarƙwatar Da Ke Cin Kifi A Cikin Ruwa

Mai kiwon tarwaɗa da ya daɗe a sana'ar yana gane matsala tun kafin ya ga mushe ko ɗaya. Da sassafe zai watsa abinci yana jiran ruwa ya yamutse da wawaso, sai 'yan ƙalilan su taso. Wasu suna ta goga jikinsu da bangon tanki kamar akuyar da ƙazuwa ta kama, wasu sun cunkushe a inda sabon ruwa ke zubowa suna haki, fatarsu ta yi fari-fari da yauƙi. Galibi laifin kan fara sauka a kan buhun abinci, ko a ce ruwa ne ya lalace. Amma sau da yawa ɓarnar tana manne ne a jikin kifin: ƙananan halittu masu rayuwa a kan fatarsa da wurin numfashinsa, suna cin yauƙinsa da namansa, suna shan jininsa.

Kamar yadda saniya take da kaska, kaza take da ƙuma, haka kifi yake da nasa, ko na kogi ne ko na teku. Wasu ana ganinsu da ido, wasu kuwa sai an kankare yauƙin kifin an sa a ƙarƙashin madubin likita.

Abin da ya sa ƙaramin cizo yake kashe kifi yana da alaƙa da ruwan da yake ciki. Jinin kifin kogi ya fi ruwan kogin gishiri, saboda haka kullum ruwa yana neman shiga jikinsa, gishirin jikinsa kuma yana neman fita. Fata da yauƙin da ke kanta su ne katangar da ke tare wannan. Idan aka huda katangar a wurare da dama, jikin kifin sai ya rikice, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, gyambo ya buɗe, wani lokaci a ga wani abu fari kamar auduga ya tsiro a bakin raunin. Idan kuma a wurin numfashi suka sauka, wato jan naman nan mai kama da haƙoran mataji da ke ƙarƙashin murfin kunnen kifi, sai wurin ya kumbura ya cika da yauƙi, kifi ya shaƙe alhali yana tsakiyar ruwa. Tarwaɗa ba ta da ɓawo irin na karfasa, don haka fatarta a buɗe take ga duk mai son hawa.

Wadda ta fi yin suna a ruwan daɗi ita ce cutar farin ɗigo. Wata halitta mai ƙwayar rai ɗaya tak ce ke kawo ta, masana suna kiranta Ichthyophthirius multifiliis, sunan da wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya raɗa mata a 1876. Kifin da ta kama sai ka ce an barbaɗa masa gishiri. Kowane ɗigo halitta ɗaya ce da ta kutsa ƙarƙashin fata tana ci. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan ruwa, ta rufe kanta da wani kwanso, ta yi ta rabuwa gida biyu, biyu su zama huɗu, har ta fashe da ɗaruruwan 'ya'ya, wani lokaci ma sama da 1,000. Waɗannan 'ya'yan kwana ɗaya ko biyu kawai suke da shi su sami kifi, in ba su samu ba su mutu. A nan ne masu kiwo da yawa suke yin asara. Magani ba ya taɓa wadda ke ƙarƙashin fata, ba ya kuma ratsa kwanson. Masu yawo a ruwa kaɗai yake kashewa. Wanda ya sa magani sau ɗaya ya ga ɗigon ya ɓace ya ɗauka an gama, bai san sun sauka haihuwa ba ne. A ruwa mai ɗumi irin na ƙasar Hausa zagayen kan kammala cikin 'yan kwanaki, sai cutar ta dawo ninkin ba ninkin.

Akwai manyan da ido ke gani. Argulus, ƙwarƙwatar kifi, a baje take kamar ƙaramin faifai, tana da mamatsa biyu da take liƙewa da su da kuma tsinken da take soka fata. Tana iyo daga wannan kifi zuwa wancan, ta je ta jera ƙwanta a kan dutse ko icce ko bangon tanki. Lernaea kuwa macen ce ke cusa kanta mai rassa cikin naman kifi ta bar sauran jikinta yana lilo a waje kamar guntun zare. In an fizge ta da ƙarfi kan ya karye a ciki, wurin ya ruɓe. Matsattsaku ma yana hawa kifi, kuma yana iya ɗaukar cutar jini daga wani ya kai wa wani.

A teku akwai wadda labarinta ke sa tsigar jiki tashi. Cymothoa exigua, da ake samu a mashigin tekun Kalifoniya ta gefen Meksiko, tana shiga ta wurin numfashin kifi tana ƙarama, ta kama harshensa ta yi ta shan jini har harshen ya ƙanƙance ya lalace, sa'an nan ta zauna daram a gurbinsa. Kifin ya ci gaba da rayuwa da ita a baki.

Duk da haka, a kogi ko a teku da wuya waɗannan halittu su ƙarar da kifi. Ruwa yana da faɗi, yawancin 'ya'yansu suna mutuwa kafin su ci karo da abin hawa. Akwai ma masu yi wa kifi tsifa. A tekun Ostireliya wata masaniya mai suna Alexandra Grutter ta bi diddigin wani ɗan ƙaramin kifi mai ratsin shuɗi da baƙi, Labroides dimidiatus, wanda ke zama a wuri ɗaya manyan kifaye suna zuwa masa kamar masu jiran wanzami. Suna buɗe baki da kunne, ya shiga ya tsince ya fito, ba wanda ke haɗiye shi. Ta gano cewa guda ɗaya yana cinye ƙwari kimanin 1,200 a yini.

Annoba tana farawa ne idan mutum ya tara kifi da yawa a ƙaramin wuri, ko ya ɗauko su daga wani ruwa ya kai wani. Ƙasar da ta fi kowa sanin haka ita ce Norwe, wadda ta fi duk duniya kiwon kifin salmon, sama da tan miliyan ɗaya a shekara.

A 1975 aka fara ganin wata tsutsa mai suna Gyrodactylus salaris a Norwe. Tsawonta kusan rabin milimita ne. Ta shigo ne a jikin 'ya'yan salmon da aka kawo daga Suwidin don kiwo, daga wuraren ƙyanƙyasa kuma aka yi ta rarraba 'ya'yan kifin zuwa koguna da kyakkyawar niyya. Salmon na yankin tekun Baltik, inda Suwidin take, sun daɗe tare da ita, jikinsu ya saba. Na Norwe ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Tsutsar ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, kuma 'yar da ke cikinta tana ɗauke da nata cikin tun kafin a haife ta. Da irin wannan haihuwa, tsutsa ɗaya kan zama ɗaruruwa a jikin ɗan kifi guda cikin 'yan makonni, kowace ta kafa ƙugiyoyinta a fata tana gaigaya. Koguna kimanin 50 suka kamu, kuma a yawancinsu fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙananan salmon suka salwanta.

Maganin da hukumomin ƙasar suka ɗauka yana da ɗaci. Tunda tsutsar ba ta daɗewa in babu kifi, sai suka ajiye irin salmon na kowane kogi a wuri na musamman, suka zuba gubar rotenon a kogin ta kashe duk kifin da ke ciki, daga baya suka maido da irin. Haka aka yi wa babban kogin Vefsna a 2011 da 2012, ba a kuma ayyana shi a matsayin wanda ya rabu da cutar ba sai 2017. Wannan guba ba baƙuwa ba ce ga masuntan ƙasar Hausa, domin danginta ne ke cikin magimfa, tsiron da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya taso.

Annoba ta biyu da ta addabi Norwe kuwa har yanzu ba a gama da ita ba. Ƙwarƙwatar teku, Lepeophtheirus salmonis, ta daɗe tana hawa salmon. A da, idan kifin ya baro teku ya shiga kogi don yin ƙwai, ruwan daɗi yakan kakkaɓe ta, ƙananan da ke gangarowa teku kuma ba sa cin karo da ita da yawa a bakin gaɓa. Yanzu an kafa kejin raga a mashigan teku, keji guda yana iya ɗaukar kifi har 200,000, kuma suna nan rani da damina. Kowace macen ƙwarƙwata tana jan igiyoyin ƙwai biyu masu ɗauke da ɗaruruwa, igiyar ruwa ta kwashi 'ya'yan ta watsa. Ɗan salmon na daji da ya baro kogi, wanda bai fi tafin hannu tsawo ba, dole ya ratsa ta cikin wannan hazo, kuma 'yan ƙalilan sun isa su kashe shi.

An gwada kusan komai. An fara da magungunan ƙwari, ciki har da dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, ƙwarƙwatar ta saba da shi. Aka koma wani da ake haɗawa a abinci, shi ma ta saba. Aka shiga zuba miliyoyin ƙananan kifaye masu tsifa a cikin keji, da yawansu suna mutuwa a can. Ana tsotso salmon da inji a bi da su ta ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi don ƙwarƙwatar ta saki, abin da ke wahalar da kifin ƙwarai. Akwai ma wata na'ura da ake ratayawa a keji, kyamara ta hango ƙwarƙwata a jikin kifi mai wucewa, hasken lesa ya ƙone ta. Doka ta tilasta ƙirga ƙwarƙwata a kai a kai, kuma bai kamata a wuce matsakaicin babbar mace ɗaya a kan kowane kifi biyu ba. Tun 2017 aka raba gaɓar ƙasar zuwa yankuna 13 masu alamar kore da rawaya da ja; yankin da ya yi ja ana rage masa yawan kifin da zai kiwata. A Sikotland da Chile ma ana fama da irin wannan yaƙi.

Nijeriya ita ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, kuma tankuna da kududdufan kiwo suna ta ƙaruwa a Kano da Kaduna da Abuja da sauran garuruwa. Salmon ba ya rayuwa a ruwanmu, amma hanyar da tsutsar Gyrodactylus ta bi ta shiga Norwe ita ce dai a buɗe a nan. Ana ɗauko 'ya'yan kifi a jarka daga wurin ƙyanƙyasa mai nisan ɗaruruwan kilomita, a juye su kai tsaye cikin waɗanda aka tarar. Ana aron raga da bokiti daga maƙwabci. Ana jawo ruwa daga rafi ko madatsa tare da ƙananan kifayen daji. Tarwaɗa da karfasa suna da nasu dangin Gyrodactylus, da wata mai siffar faifai da ake kira Trichodina, kuma 'ya'yan kifi ne suka fi yi wa ɓarna, musamman idan an cunkusa su kuma ruwa ya ƙazantu da ragowar abinci.

Abin takaici shi ne yadda wasu ke garzayawa ga maganin ƙwarin gona ko ƙwayoyin kashe cuta da zarar kifi ya daina ci. Ƙwayoyin ba sa taɓa tsutsa ko ƙwarƙwata. Maganin ƙwari kuwa yana iya kashe kifin, ya kuma bar saura a naman da mutane za su ci. Su ƙwarin da kansu ba sa kama mutum, kuma kifin da aka wanke aka dafa ko aka yi bandarsa da kyau ba shi da wata illa ta wannan fuskar. Abin tsoron shi ne abin da aka zuba a ruwan. Gishiri na yau da kullum yana taimakawa a kan da yawa daga cikin ƙananan, amma sai an auna shi daidai da yawan ruwa da girman kifi, kuma sai an san abin da ake yaƙa. Likitan dabbobi ko jami'in kula da kifi yana iya kankarar yauƙi kaɗan ya duba a madubi cikin 'yan mintuna, kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, kusa da tafkin Kainji, wadda irin wannan yana cikin aikinta.

Mafi arha duka shi ne tanki ɗaya da aka ware a gefe, mai ragarsa da bokitinsa, inda sabbin 'ya'yan kifi za su yi mako biyu ko uku ana lura da su kafin a haɗa su da sauran. Bayan an kwashe kifi, a zubar da ruwan kududdufi a bar rana ta gasa ƙasan, a barbaɗa farar ƙasa, domin ƙwan ƙwarƙwata da kwanson farin ɗigo ba sa jure bushewa. A Norwe, mai kamun kifi da ƙugiya da zai tashi daga wani kogi zuwa wani sai ya busar da takalminsa da ragarsa da kwalekwalensa ko ya wanke su da magani, kuma a koguna da yawa ba a sayar masa da izinin kamu sai ya nuna takardar shaidar ya yi hakan.