Katin Bashi: Kowa Ya Zaɓi Wanda Ya Dace Da Yadda Yake Kashe Kuɗinsa

Legas: Tun daga watan Janairun 2012, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage yawo da tsabar kuɗi a Jihar Legas, katin banki ya shiga jerin kayan aikin ɗan kasuwa. Sai dai mafi yawan katunan da ke aljihun jama'a na cire kuɗi ne, wato mutum yana kashe abin da ya ajiye a asusunsa. Katin bashi kuwa dabam yake, domin banki ne ke biya wa mai katin har zuwa adadin da aka yanka masa, daga baya shi kuma ya biya bankin.

Wannan tsari ya samo asali ne daga Amurka, inda aka fito da katin Diners Club a 1950, sannan Bank of America ya fitar da nasa a 1958, wanda aka sauya wa suna zuwa Visa a 1976. A nan gida bankuna da dama suna bayar da irinsa, na Naira da na Dala, kuma kowane da nasa sharuɗɗan. Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya cika takarda, ya kamata ya duba littafin cinikinsa na watanni shida da suka wuce, ya ga ta wace kafa kuɗinsa ke fita.

Idan mutum ne mai biyan dukkan abin da ake bin sa a ƙarshen wata, kuɗin ruwa ba zai shafe shi ba, muddin ya biya cikin wa'adin da bankin ya ɗiba. Abin da zai sa wa ido shi ne tsawon wannan wa'adi da kuma kuɗin riƙe katin da ake cira. Amma wanda ya san cinikinsa na kaka ne, kuma bashin zai kwana a kansa wata da watanni, to kuɗin ruwan shi ne abin dubawa na farko. Alal misali, a ce banki ya sa kashi 3 cikin 100 a wata a kan bashin Naira 500,000. Ruwan watan farko Naira 15,000 ne, kuma idan aka bari yana hawa kan uwar kuɗi, a shekara zai haura kashi 42 cikin 100. Biyan mafi ƙarancin abin da banki ya nema a kowane wata ba ya rage uwar kuɗin sai ɗan kaɗan.

Masu shigo da kaya daga Sin ko Dubai kuwa, hatsarinsu yana ga canjin kuɗi. Kafin a saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa Fabrairun 2024 ta wuce Naira 1,500. Ke nan wanda ya ci bashin Dala 1,000 alhali da Naira yake sayar da kayansa, nauyin da ke kansa ya ninka fiye da sau uku. Don haka katin Dala ya fi dacewa da wanda Dala ke shigo masa.

Haka kuma dillalan gwari na kasuwar Mile 12 da na dabbobi, waɗanda galibi da tsaba ko ta hanyar tura kuɗi suke biyan masu kaya, ba lallai katin bashi ya amfane su ba. Dalili kuwa shi ne, a yawancin katuna cire tsabar kuɗi yana da nasa cajin, kuma ruwansa yana fara hawa tun daga ranar da aka cira, ba tare da wani wa'adi ba.

Akwai kuma batun addini, wanda 'yan kasuwa Musulmi ba za su kau da kai daga gare shi ba. A zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka shardanta riba a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudura biya kafin wa'adi ya cika. Mai gudun wannan yana iya riƙe katin da ake zuba wa kuɗi tun farko, ko ya nemi bayani a bankunan da ba sa ta'ammali da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021.

Bugu da ƙari, jinkirin biya ba ya tsayawa tsakanin mutum da bankinsa. Bisa dokar 2017 ta tattara bayanan masu cin bashi, kamfanoni irin su CRC da FirstCentral suna ajiye tarihin kowa, kuma lambar BVN da aka fara a 2014 ta sa sauya banki ba ya ɓatar da sawu. Wanda ya ɓata sunansa a kan ƙaramin kati, zai sha wuya ranar da ya je neman babban jari.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk da haka, kafin a sa hannu a nemi banki ya rubuta kuɗin ruwa na shekara, da tarar jinkiri, da cajin cire tsaba, da farashin canji, sannan a gwada su da na wasu bankuna biyu ko uku.