Wa Ke Da Mallakar Abin Da Ke Ƙarƙashin Gidanka?

Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar man fetur a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, jama'a suke ta yin wata tambaya a majalisun hira, daga Ƙofar Durbi a birnin Katsina har zuwa ƙauyukanmu: idan aka gano mai ko iskar gas a ƙarƙashin gidan mutum ko gonarsa, na wane ne? Mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayani, musamman masu unguwanni da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi, domin su ne ake fara tunkara da irin wannan tambaya.

Bari mu fara da abin da ya faru a ƙasar Birtaniya, inda wannan batu ya girgiza siyasa. Akwai wata dabarar haƙa da Turawa ke kira firakin, wato farfasa dutsen ƙarƙashin ƙasa. Akan haƙa rijiya mai zurfin kilomita 2 ko 3, sannan a karkata ta a kwance ta yi tafiya mai nisa, a tura miliyoyin litoci na ruwa haɗe da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske, har dutsen ya tsattsage ya saki gas ko man da ke cikinsa. Wannan dabara ce ta taimaka wa Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen haƙo ɗanyen mai a shekarar 2018. To amma da yake rijiyar a kwance take tafiya, tana iya ratsawa ta ƙarƙashin gidajen mutanen da ba su ma san da ita ba.

A shekarar 2014 gwamnatin Birtaniya ta nemi jin ra'ayin jama'a a kan ba kamfanoni damar ratsawa ba tare da izinin mai gida ba. Daga cikin amsoshi kimanin 40,000, kashi 99 cikin 100 ba su amince ba, amma duk da haka aka kafa dokar a 2015, wadda ta halatta yin amfani da ƙasar da ta wuce zurfin mita 300. Majalisar yankin Lankasha ta ƙi ba kamfanin Cuadrilla izini a 2015, gwamnatin tsakiya ta soke wannan hukunci a 2016. Ana cikin aikin, a watan Agusta na 2019, sai ƙasa ta motsa a kusa da wurin da ƙarfin maki 2.9, kuma a watan Nuwamba aka dakatar da firakin a Ingila. Firayim Minista Liz Truss ta ɗage dakatarwar a watan Satumba na 2022. Kashegarin wata ƙuri'a mai cike da hayaniya da aka kaɗa a majalisa a kan batun, ta sanar da murabus ɗinta, wanda ya gaje ta kuma ya mayar da dakatarwar.

A nan gida lamarin ya sha bamban. Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora mallakar dukkan ma'adinai da mai da gas a hannun Gwamnatin Tarayya, ko a ƙarƙashin gidan wa suke. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta damƙa filaye amana a hannun Gwamna, ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da izinin zama na gargajiya a karkara, kuma ana iya soke izinin saboda haƙar ma'adinai ko shimfiɗa bututun mai. Saboda haka diyyar da mutum zai nema ta abin da ke bisa ƙasa ce: gini da shuka da itatuwa da rijiya. Har ila yau, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙa su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekara a asusun raya al'ummar da suke aiki a cikinta.

Ya kamata mu kwantar wa jama'a da hankali cewa ba a yin firakin a Jihar Katsina, kuma mafi yawan jihar tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba a samun mai a cikinsa. A ganinmu, abin da ya fi shafar mu a wannan muhawara shi ne ruwa, domin duk aikin da zai sha miliyoyin litoci a yankin da rijiyoyi ke ƙafewa da bazara, tilas a yi masa tambayoyi tun kafin a kafa fegi. Makamashin da ba ya buƙatar haƙa ma yana da tasa wahalar: injinan iska 37 na Lambar Rimi, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10, sun sha jinkiri na shekaru, musamman bayan sace wani injiniya Bafaranshe a Rimi a watan Disamba na 2012.

Bisa ga haka, muna kira ga dagatai da masu unguwanni da su tabbatar duk wanda ya zo da niyyar awon ƙasa ko haƙa ya nuna takardar izini daga hukumar tarayya da abin ya shafa, kuma a sanar da hakimi da ƙaramar hukuma. Masu gonaki su ajiye takardun gado da na saye, su ƙirga itatuwansu a gaban shaidu, sannan a rubuta zurfin ruwan rijiyoyin gari kafin a fara kowane aiki.