Matsalar Fassara Sunayen Tsirrai: Misali Daga Chenopodium ficifolium

1.0 Gabatarwa
Chenopodium ficifolium tsiro ne da ke fitowa da kansa a gonaki da juji a Turai da Asiya, kuma a shekara guda yake gama rayuwarsa. Masani James Edward Smith ne ya raɗa masa wannan suna a 1800. A yau masana na lissafa shi cikin dangin alayyafo. Sunan nasa ya isa misali kan haɗarin fassarar kalma da kalma.

2.0 Ƙirar Sunan
Kashin farko daga Girkanci yake, ma'anarsa "ƙafar dinya", saboda siffar ganyen tsirran wannan jinsi. Kashi na biyu kuwa daga Latin yake, wato "mai ganyen ɓaure".

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa
Ɓauren da Turawa suka sani mai tsagaggen ganye ne, kamar yadda ganyen wannan tsiro ya rabu gida 3, na tsakiya ya fi tsawo. Ɓauren ƙasar Hausa kuwa ganyensa ba shi da tsaga. Saboda haka fassarar za ta kawo wa Bahaushe hoton da ba shi ba ne. Haka kuma, lanƙwasa kaɗai ta raba dinya tsuntsuwa da ɗinya itaciya a rubuce. Kuskuren ɗab'i ɗaya ya isa ya ɓatar da ɗalibi.

4.0 Kammalawa
Wajibi ne mai ƙirƙirar kalmomin kimiyya ya fara sanin tsiron kafin ya taɓa sunansa. A nan, "ɗan'uwan alayyafo mai tsagaggen ganye" ya fi kusa da gaskiya.