Makarantar Cikin Birni ko ta Wajen Gari: Gaskiya ko Jita-jita?

Da wuya yaro ya isa shiga sakandare a Amurka ba a ba iyayensa shawarar su tattara komatsansu su koma unguwannin wajen gari ba, wai can ne makarantun kirki suke. Hausawan Nijar da na Gana da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, sun san wannan magana. Nawa ne gaskiya a cikinta?

"Makarantun wajen gari sun fi koyarwa, ga sakamakon jarrabawa nan." Sakamakon gaskiya ne, fassarar da ake yi masa ce da gyara. Tun a 1966 binciken da James Coleman ya jagoranta, wanda ya shafi ɗalibai kusan 600,000, ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi ginin makaranta da kayan aikinta tasiri a kan makinsa. Unguwar da likitoci da lauyoyi suka cika, 'ya'yanta za su ci jarrabawa ko da malaman ba su taka kara sun karya ba. Abin dubawa shi ne yadda yaro ya shigo da yadda ya fita. Da Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya auna haka a 2017, sai ga yaran makarantun gwamnati na Chicago sun yi karatun shekara shida cikin biyar, daga aji uku zuwa aji takwas, sun wuce akasarin gundumomin ƙasar, har da na masu hannu da shuni. Yara ƙanana ya auna, ba 'yan sakandare ba, amma ya isa ya sa mutum ya daina yanke hukunci daga jin sunan unguwa.

"Babbar makaranta haɗiye yaro take yi." Akwai ƙamshin gaskiya. Yaro mai kunya na iya shekara ba malamin da ya riƙe sunansa. Sai dai Gidauniyar Gates ta kashe kimanin dala biliyan 2 wajen kafa ƙananan makarantu, kuma a 2009 Bill Gates da kansa ya amince da yawa daga cikinsu ba su ɗaga ƙwazon ɗalibai ba, ko da yake na New York sun ƙara yawan masu kammalawa. Ita kuwa makarantar Brooklyn Tech ta New York, mai ɗalibai kusan 6,000, sai da jarrabawa mai zafi ake shigarta. Yawan ɗalibai ne ke ba makaranta damar buɗe ajin lissafi mai zurfi ko na harsuna da dama.

"Kuɗin duk yana wajen gari." Ya danganta da jiha. Harajin gidaje ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin makarantu, kuma a 1973 Kotun Ƙoli ta ƙi soke wannan tsari a wata shari'a daga Texas. Amma birnin New York yana kashe sama da dala 30,000 kan kowane ɗalibi a shekara.

"A ari adireshin ɗan'uwa kawai." Wannan kam a yi hattara. A 2011 wata uwa daga Akron ta jihar Ohio ta yi kwanaki a gidan yari saboda ta yi wa 'ya'yanta rajista a makarantar wajen gari da adireshin mahaifinta.