Laka ita ce mai ba da shaidar ruwa

Ƴan uwa manoma da masunta, kogin Kwara da ke ratsa Yamai da Gaya ya taso daga ƙasar Gine, yana tafiyar kusan kilomita 4200 kafin ya faɗa teku a kudancin Najeriya. A can ƙarshensa ruwan daɗi yana gauraya da ruwan gishiri. Wani ɓangare na ƙazantar da kogi ya ɗauko a hanya, can yake zuwa ya kwanta cikin laka.

To, yaya ake gane lafiyar irin wannan ruwa? Ana iya ɗibarsa cikin kwalba a kai shi awo. Amma ruwa matafiyi ne, na safe dabam, na marece dabam. Kifi ma in ya ji wuri ya ɓaci sai ya gudu. Waɗanda ba su iya gudu su ne mazauna laka: dodon koɗi, ƙananan kaguwa da tsutsotsi. Inda aka haife su, kusan nan suke mutuwa, kuma komi ya zubo a kansu yake sauka.

Shi ya sa masana ke kwasar laka, su wanke ta cikin rariya mai ƙananan idanu, su ƙirga abin da ya rage. Ba yawan dabbobin kaɗai ake dubawa ba, har da yawan iri ake dubawa. In an samu iri-iri, ruwa na da lafiya. In kuwa tsutsa iri ɗaya ko biyu ta cika wurin maƙil, laka ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to iskar shaƙa ta ƙare a ƙasa, masu taurin rai kaɗai suka saura.

An ga haka a Bodo, wani gari na ƙasar Ogoni kusa da Fatakwal. A 2008 bututun man fetur ya fashe har sau biyu, mai ya malala cikin rafuka. Matan garin da can suna tsintar dodon koɗi cikin laka, su ci su sayar. Bayan malalar man, abin tsinta ya ɓace. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A 2015 kamfanin Shell ya yarda ya biya mutanen Bodo diyyar fam miliyan 55.

Mu ba mu da teku, amma dabarar tana aiki a Madarunfa da Tabalak. Ku ɗebi lakar bakin tabki ku tace. In jajayen tsutsotsi kaɗai kuka gani, ku bincika ko shara da kashin dabbobi suna kwarara ciki. In babu komi mai motsi, ku tambaya wa ke wanke famfon feshin magani a wurin.

Hattara dai: ganin dodon koɗi ba ya nufin ruwa ya yi kyaun sha ko wanka. Wasu irinsa ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya.