Yadda ake auna binciken masanin gani

A jami'a, yawan maƙalu kaɗai ba ya ɗaukaka masani. Ana duba sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikinsa. A 2005 Jorge Hirsch ya fito da ma'auni: mai maki 20 yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

A fannin gani, David Hubel da Torsten Wiesel ne zakaran gwajin dafi. A farkon shekarun 1960 sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa na wasu makonni. Da aka buɗe, idon lafiyarsa lau, amma ƙwaƙwalwa ta daina karɓar saƙonsa. An ambaci aikinsu sau dubbai, suka sami kyautar Nobel a 1981.

Sai dai a ganina amfanin ya fi lissafin. Saboda wannan binciken likitoci ke gaggauta cire yanar ido ga jarirai.

Don haka, kai manomin Kadawa, a Kura kake ko Bunkure, in ka ga farin tabo a ƙwayar idon ɗanka, ko harara-garke, kada ka jira a girbe shinkafa. Kai shi asibitin ido a Kano.